Rinjani da ɗan jagora, da kwana a hostel: wa ya taɓa yi?

Bakano a KL

Assalamu alaikum jama'a. Ina karatun digiri na biyu a nan Kuala Lumpur, kuma in Allah Ya kai mu Yuli muna da hutu. Abokan ajinmu, biyu 'yan Malesiya ɗaya ɗan Yaman, sun matsa mini lamba sai mun je tsibirin Lombok a Indonesiya mun hau Rinjani, dutsen nan mai aman wuta. Hotunan da suka nuna mini sun tafi da imanina: tafki shuɗi shar a cikin ramin dutse, ga wani ɗan dutse a gefen ruwan yana hayaƙi. Sai dai ni iyakar hawana Dala ne da Goron Dutse, su ma tun ina sakandare.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne farashi. Wani hostel, wato masaukin araha da ake haɗa baƙi a ɗaki ɗaya, a tsibirin Gili Trawangan da ke kusa da Lombok yana sayar da tafiyar kwana uku a kusan rabin abin da kamfanonin ƙauyen Senaru da ke gindin dutsen suke nema, kuma duka sun ce akwai jagora, akwai 'yan dako, akwai tanti da abinci. To mene ne bambancin? Ko kuwa ganin baƙo ne kawai suke tsuga kuɗi? Kuma shi jagoran dole ne, ko mu huɗu za mu iya bin hanya da kanmu?

Sai maganar salla da abinci a can sama. Sai kuma shi kansa hostel ɗin. Abokaina sun saba, ni rabona da kwana ɗaki ɗaya da mutum takwas tun makarantar kwana, kuma an ce mini wasu ɗakunan maza da mata a haɗe suke. Ga Hajiyata, tunda ta ji an ce aman wuta ta ce ba da yawunta ba. Duk wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mini da gaskiyar magana, ba irin ta masu talla ba.

Kawu Na-Zaure

Wa alaikumus salam. Ikon Allah sai kallo. Wato ɗana, kai za ka biya kuɗin jirgi, ka ƙara biyan wani ya tashe ka tsakar dare ya ja ka zuwa bakin wuta, sannan ka dawo ka kwanta ɗaki ɗaya da waɗanda ba ka san asalinsu ba? Mu da muka taso, wanda ya sha wahala shi ake biya. Ni dai nawa guda ne: in Hajiya ba ta sa albarka ba, ka zauna ka yi karatun da ya kai ka. Sauran masana su faɗi nasu.

Ɗan Tudu

Kawu ya yi gaskiya kan Hajiya, wannan ba ni da ja. Ɗan'uwa, na hau ta ƙauyen Sembalun na sauko ta Senaru, ga abin da idona ya gani.

Fara da fasfonka kafin dutse. Abokanka 'yan Malesiya wucewa kawai za su yi, ba ruwansu da biza. Mai koren fasfo kuwa ba a buga masa biza a filin jirgi. Najeriya tana cikin 'yan tsirarun ƙasashen da Indonesiya ke yi wa tantancewa ta daban, sai ka samu mai tsaya maka a cikin ƙasar, sai hukumar shige da fice a Jakarta ta duba ta amince, kuma abin yana cin lokaci. Kada ka yanki tikiti, kada ka ba kowa kafin-alƙalami sai biza ta zo hannu. Ɗan Yaman ɗin ma ya binciki tasa tun yanzu.

Maganar farashi kuwa, shi hostel ɗin ba shi da jagora ko ɗaya, dillali ne. Ya cire la'adarsa, ya miƙa ka ga mai mota, mai mota ya sauke ka wajen wanda ya yarda da ragowar kuɗin, shi kuma ya haɗa ku da wasu baƙi har ayari ya cika. Kuɗin shiga gandun dajin da dutsen yake ciki gwamnati ce ta yanka, ba ya raguwa don an yi maka ragi. Man mota ba ya raguwa. To daga ina rabin kuɗin ya fita? Daga yawan mutanen da aka jibga wa jagora ɗaya, daga nauyin da aka ɗora wa ɗan dako, da kuma kaurin jakar barcin da za ka shiga da dare. A ƙasa duk ba za ka ga wannan ba, sai kun yi nisa. Araha ba ta ado.

Jagora dole ne ga baƙo. Ana yin rajista ne ta hannun kamfani mai lasisi, akwai adadin mutanen da ake bari su shiga kowace rana, kuma tikitin yana fita ta manhajar eRinjani. Ka ce su nuna maka naka da sunanka da lambar fasfonka. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: mu nawa ne a hannun jagora ɗaya, kuma daren hawa ƙololuwa wa zai tsaya a bayan ayari? In suka fara kame-kame, ka tattara kuɗinka ka yi gaba. Ku huɗu ne, ku nemi ayarinku ku kaɗai, abin da za a ƙara muku bai taka kara ya karya ba in kun raba.

Ga yadda hanyar take. Sembalun tana wajen mita 1,150. Ranar farko za ku fara da fili na ciyawa, ba inuwa, rana tana dukan ka kai tsaye, har ka fara cewa ina sanyin da ake ta faɗa. Akwai 'yan acaɓa da ke kai mutum har zango na biyu in yana so, kuma ba abin kunya ba ne, ƙarfin da ka adana za ka neme shi gobe. Daga zango na uku ne hanya take miƙewa tsaye, tudu bayan tudu, kowanne ka ɗauka shi ne na ƙarshe sai ka ga wani ya leƙo. Da la'asar sakaliya za ku kai bakin ramin, mita 2,639, inda ake kafa tantuna a jere kan wani siririn doro. Daga nan za ka hango tafkin Segara Anak a ƙasa. Gajimare yana ƙarƙashin ƙafarka. Rana tana faɗuwa sanyi zai sauko lokaci guda.

Wajen ƙarfe biyun dare za su tashe ku da shayi da biredi. Ƙololuwar mita 3,726 ce, wato saura sama da mita 1,000 a tsaye, a cikin duhu, da tocila a goshi. Kashin farko hawa ne mai tsauri, na tsakiya da ɗan sauƙi, na ƙarshe kuwa shi ne inda mutane ke kuka. Ba dutse ba ne da za ka taka ya riƙe ka, toka ce da tsakuwa. Ka san yashin da tifa ta juye a ƙofar gida, in yara suna hawa yana zamewa da su? To shi ne, amma na fiye da awa guda, ga iska tana yanka fuska, sanyi yana kusantar sifili, numfashi ba ya isa. Ka yi taku uku ka dawo ɗaya ko biyu. Hanyar kuma doro ce, dama rami hagu gangare.

A nan ne kuɗin da ka biya yake nuna kansa. A wannan daren na wuce wata yarinya daga wani ayari mai yawa tana zaune ita kaɗai a bayan dutse tana rawar ɗari, tocilarta ta kusa mutuwa, jagoransu ya yi gaba da masu ƙarfi don kada su rasa fitowar rana. Namu jagoran ne ya ba ta ruwan zafi ya tsaya da ita har na bayanmu suka iso. Ban ga laifin jagoran nata sosai ba, mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu. Laifin na wanda ya haɗa ayarin ne a ƙasa. Kuma ba wasa ba ne: a Yunin 2025 wata matashiya 'yar Brazil ta faɗa ta ɓangaren ramin a kan wannan hanyar, hazo da tsayin gangaren suka hana masu ceto kaiwa gare ta sai bayan kwanaki, suka tarar rai ya yi halinsa.

In ka kai, za ka ga dutsen Agung na tsibirin Bali a yamma, dutsen Tambora na tsibirin Sumbawa a gabas, inuwar Rinjani kanta ta miƙe kan gajimare. In ba ka kai ba ma, bakin ramin ya ishi ido. A ayarinmu wani Bajamushe mai ƙirar ƙarfi ya juya a rabin hanya, wata 'yar Koriya siririya ta kai. Ba a gane mai kaiwa da ido.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne ranar ba ta ƙare a ƙololuwa ba. Ka sauko tanti ka karya, sannan ka sake gangarawa zuwa tafkin da ke wajen mita 2,000 ta wata hanya mai duwatsu da ke cin gwiwa. Ladan wahalar shi ne maɓuɓɓugar ruwan zafi kusa da tafkin, ka shiga ka jiƙa ƙafafu. Za ka tarar da mutanen gari sun kafa tantunansu suna kamun karfasa. Daga nan kuma a sake hawa ɗaya bakin ramin na Senaru, washegari a sauko ta cikin kurmi. In kana shakkar gwiwarka, ɗauki na kwana biyu: bakin rami, ƙololuwa, a dawo Sembalun.

Salla ba matsala ba ce, a nan ma ka fi Turawan gata. Mutanen Lombok, 'yan ƙabilar Sasak, Musulmi ne, kuma su ne jagororin, su ne 'yan dakon. Magariba a bakin rami na bi wani ɗan dako ne, ya shimfiɗa buhun shinkafa ya ja mu. Matafiyi ne kai, ka yi ƙasaru ka haɗa azahar da la'asar a wurin cin abincin rana. Ruwa a ƙidaye yake, a kafaɗar mutum ya hau, don haka taimama za ta yi maka aiki, ƙasa kuwa ga ta nan ko'ina. Asuba ce mai wuya, domin wajen ƙarfe biyar za ta same ka a tsakiyar yashin nan. Ka gaya wa jagora tun da dare, ya san inda ake samun lungu mai kare iska. Ka riƙe gorar roba guda a matsayin buta, domin bayan gidansu ɗan tanti ne da rami da takarda.

Abinci su suke dafawa a gabanka: soyayyiyar shinkafa da ƙwai, taliya, miyar ganye da kaza, fanke na ayaba da safe, abarba, shayi. Ka dai kula da birai a bakin rami, suna buɗe tanti.

Su 'yan dakon nan, ka dube su da kyau. Gora guda a kafaɗa, kwando gaba kwando baya, tukunyar gas, ruwa, tanti, kilo 20 zuwa sama, da silifas a ƙafa, kuma su riga ka isa su kafa tanti su ɗora girki. Ka ware musu alheri tun daga ƙasa, ka ba kowa a hannunsa, kada ka ba wani ya raba.

Hostel kuwa, ni shawarata ka bar shi. Gili Trawangan wurin kiɗa ne da shaye-shaye har asuba. Ku huɗu ku kama ɗaki biyu a gidajen saukar baƙi na iyalai a Senaru ko Sembalun, kuɗin kusan ɗaya ne, ga masallaci a kusa.

Ummu Hanan

Malam Ɗan Tudu, Allah Ya saka da alheri, amma kan hostel ban bi ka ba. Ina karatu a Yogyakarta, kuma ni da ƙawata mun sauka a hostel a Malang da Banyuwangi da Kuta ta Lombok, da hijabinmu, ba abin da ya same mu sai alheri. Gili daban, sauran wurare daban. Akwai hostel na 'yan casu, akwai na masu hawan dutse waɗanda ƙarfe tara kowa ya yi barci saboda tashin dare. Daga hotuna da sharhin waɗanda suka sauka za ka gane wanne ne: in ka ga mashaya ce a gaban hoto, wuce.

Malam Bakano, wajen kama gado ana rubuta irin ɗakin. Na mata zalla yana da sauƙin samu, na maza zalla ne ya yi ƙaranci, don haka ku da kuke huɗu ku tambayi ɗaki mai gado huɗu ku cike shi, shi ke nan kun huta da haɗaka. In dole ta sa ka shiga babban ɗaki, nemi gadon ƙasa mai labule. Ka zo da kwaɗonka na kulle loka, da abin toshe kunne saboda masu minshari da masu ɓuruntun leda ƙarfe huɗun dare, da silifas na banɗaki. Fasfo da kuɗi su kwana a jikinka. Salla kuwa ni ban cika yi a ɗaki ba, a Lombok kana fita za ka ga ƙaramin masallaci, kuma lasifikar asuba za ta tashe ka ko ba ka sa ƙararrawa ba. Turawan ɗakin su yi ta tsaki, kai ka yi hamdala. In ka bi jam'i za ka ji suna alƙunutu a bayyane a asuba, Shafi'awa ne, ka ce amin kawai.

Abin da hostel yake da shi wanda ɗakin otal ba shi da shi, labari ne mai zafi. Da yamma za ka ga waɗanda suka sauko jiya suna ɗingishi a tsakar gida, kowa da ƙafa a kan kujera. Zauna kusa da su ka tambaya da wa suka tafi, su nawa ne, an ƙoshi, jakar barcin ta yi ɗumi, jagoran ya jira na baya? Ba za su ɓoye maka ba, mai ciwon gwiwa ba ya yi wa kowa kara. Wato ka kwana a hostel, amma kada ka sayi tafiyar a kantarsu. A nan ni da Malam Ɗan Tudu muka haɗu.

Abu ɗaya kuma da ba na wasa da shi. Kada ka riƙe wa kowa jaka, kada ka karɓi saƙo, kada ka bar taka a buɗe, ko da wanda kuka kwana uku kuna hira ne. Dokar ƙwaya a ƙasar nan ta kai har kisa, kuma akwai 'yan Najeriya cikin waɗanda aka harbe a 2015 da 2016. A Gili za a tare ka a hanya ana yi maka tayin kayan maye a fili. Baturen da ke gadon sama zai iya ɗaukar abin wasa, kai da koren fasfo ba naka ba ne. Sauran kuwa sai haƙuri da masu neman hoto, da masu jin Najeriya su ce maka Okocha ko Osimhen.

In Hajiya ta ƙi Rinjani, gwada mata dutsen Ijen a gabashin tsibirin Jawa. Dare ɗaya ne, hawan kamar awa biyu, ana ba ka abin rufe hanci saboda hayaƙin farar wuta, kuma yanzu sai da takardar likita ake bari a hau. Ni abin da ya tsaya mini a rai a can ba shuɗiyar wutar da ake zuwa gani ba ce, masu haƙar farar wutar ne, mutum ya ɗauko kilo 70 ko fiye daga cikin rami a kafaɗa, masu yawon buɗe ido suna tare masa hanya da waya.

Malamin Jogirafi

Ni ban je ba, amma ga abin da za ka gaya wa Hajiya, kuma ka gaya mata duka. Ƙololuwar da za ka hau ba ita ke aman wuta ba a yanzu. Mai yi shi ne ɗan dutsen cikin tafkin, Barujari, wanda tokarsa ta sa aka rufe filin jirgin Bali a Nuwamban 2015, ya kuma sake motsawa a 2016. Shi kansa ramin ya samu ne a 1257, lokacin da wani dutse mai suna Samalas ya tarwatse. Masana sun daɗe suna ganin alamar wannan aman a ƙanƙarar ƙuryar arewa da ta kudu ba su san inda ya faru ba, sai a 2013 aka tabbatar Lombok ne, kuma tsofaffin rubuce-rubucen tsibirin, da aka yi a kan ganyen wata 'yar'uwar giginya, sun riga sun ba da labarin garin da ya halaka.

Hukumar da ke sa ido kan duwatsun Indonesiya tana da matakan gargaɗi huɗu, daga mafi sauƙi zuwa mafi haɗari: Normal, Waspada, Siaga, Awas, kuma kowa zai iya dubawa a manhajar MAGMA Indonesia. Ka duba da kanka kafin ka biya, ka sake dubawa ranar tafiya. A Disamban 2023 dutsen Marapi na Sumatra ya yi aman bazata ya kashe masu hawa sama da 20, alhali yana mataki na biyu kuma an riga an ce kada a kusanci bakinsa. Girgizar ƙasa kuwa ba ta da mataki: ta 29 ga Yulin 2018 ta zubo da ƙasa ta toshe hanyoyin Rinjani da ɗaruruwan mutane a sama, ta 5 ga Agusta ta kashe ɗaruruwa a tsibirin. Lokacin da kuka zaɓa dai ya yi, rani ne a can. Daga Janairu zuwa ƙarshen Maris rufe dutsen ake yi saboda damina.

Bakano a KL

Kai, Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Gobe zan fara bin maganar biza, abokaina kuma sun yarda mu nemi ayarinmu mu kaɗai daga Senaru. Yaya Ɗan Tudu, saura takalmi. Kambas nake da shi na zuwa aji, zai yi? Kuma rigar sanyi sai na saya, ga shi a nan KL ba mai sa ta?

Ɗan Tudu

Kambas mai sulɓin ƙasa ba zai yi ba, a saukowa zai kayar da kai. Nemi mai tafin da ke kama ƙasa, ka ƙara lamba ɗaya kan wadda kake sawa, kuma ka fara yawo da shi tun yanzu don ya saba da ƙafarka. Rigar sanyi da safar hannu da sanda duk ana ba da haya a Senaru da Sembalun, ka sa kamfanin ya rubuta maka suna cikin kuɗin. Tocilar goshi ka sayi taka da batir na ƙari. Daga nan zuwa Yuli ka daina hawa lif, ranar hutu kuma ka je kogon Batu Caves da ke kusa da KL ka yi ta hawa da sauka a matakala 272 ɗin nan da jakar goyo a bayanka, ko ku je tudun Broga da asuba. Daren da za ku tashi ka yanke farcen ƙafa ƙasa-ƙasa.